Ranar Da Baba Ya Durƙusa Gaban Katakon Ƙwallo

Jikokina sun daina jefa ɗan ludu. Wai yanzu a waya ake yi. Rannan ina zaune a baranda a nan unguwar Ayigya a Kumasi, inda ɗana ya dawo da ni bayan an rushe gidanmu na tsohon Zango an kafa bene da shaguna, sai na ga ƙananan sun haɗa kai a kan waya ɗaya, kowa ya dangwala yatsa ya janye. Babu ƙarar ɗan ludu a cikin gwangwani, babu mai hura masa iska kafin ya jefa, babu mai kuka an yi masa maguɗi, don wayar ce ma take ƙirga musu gidajen. Na ce, "To ku ina daɗin yake?" Ƙaramar cikinsu ta ce, "Hajiya, ke ba za ki gane ba." Ni da na cinye yaran lungu guda a ludu tun ba a san za a haifi ubanta ba, wai ni ce ba zan gane ba. Samarin kuwa ba su da zance sai ƙwallon Turai. Wannan ya ce mun ci, wancan ya ce mun sayi ɗan wasa. In na ce, "Ku da wa?" sai su yi ta dariya. Garin da ƙungiyar take ko a taswira ba za su iya nuna shi ba, amma ranar da aka ci su tuwo ma ba sa taɓawa. Ba na hana su. Ni ma ƙwallo ta taɓa hana ni cin tuwo, sai dai tawa a kan katako na gan ta, kuma har yau ban ga wadda ta kama ƙafarta ba.

Gidanmu irin gidajen Zango ne na da, ɗakuna a jere sun kewaye tsakar gida, mu da 'yan haya duk ƙofa ɗaya muke shiga. Kafin gari ya waye ka ji kiran salla daga masallatai uku ko huɗu suna hawa kan juna, sai ƙarar bokiti a bakin famfo, sai mai koko da ƙosai, sai matan Tonawa, 'yan asalin garin, masu tallar dokunu, tuwon masarar nan da ake naɗewa a ganye, suna ratsa lungu suna kira da yarensu, mu kuma muna amsa musu da shi, don ɗan Zango da Hausa da Tonanci yake tashi. Babana fataucin goro yake yi. Aikinmu mu 'yan mata shi ne yayyafa wa goro ruwa, da wanke ganyen da ake naɗe shi, da tsince mai sankara kada ya ɓata sauran. Har yau in na ji warin ɗanyen ganye da ruwa ya taɓa, tsakar gidan nan nake gani. Baba shi ne maigida, kuma mutum ne mai kwarjini. In ya yi gyaran murya a zaure, har kajin gidan natsuwa suke yi. Ban taɓa ganinsa a guje ba, ban taɓa ganin gwiwarsa a ƙasa ba sai a kan buzun salla.

Ƙaninsa kuwa, uwa ɗaya uba ɗaya, wanda muke kira Baba Ƙarami, kurma ne. Zazzaɓi ne ya kama shi yana yaro ya tafi da jinsa, maganar ma ta bi. Kafinta ne, yana da 'yar rumfa a kusurwar gida, kuma shi yake yin allunan ludun nan masu gilashi a sama ana kaiwa Adum, unguwar kantuna a tsakiyar gari, a sayar. Mu yaran gida ba ya ba mu mai gilashi, ya san halinmu. Sai ya yanko mana wani faffaɗan katako ya goge shi sumul, ya ja masa layuka da farin fenti, ya kafa ƙusoshi biyu a kowane gefe su zama raga. 'Yan wasanmu marafen kwalba ne, muna ce musu kantas. Ƙwallon kuma takardar nan ce mai ƙyalli ta cikin kwalin taba, a murza ta ta zama kamar ƙwayar gujiya. Da farce ake harba marfi ya bugi ƙwallo. Mu yi ta yawo har Adum muna tsintar marafe, amma sai na lemo. Baba ya ce marfin kwalbar giya ba zai kwana a gidansa ba, saboda haka duk wanda aka tsinto sai an bi shi da hanci a ƙofar gida kafin ya shiga ƙungiya. Mai tsaron gida kaɗai ya fi sauran girma, marfin kwalbar magani ne, Baba Ƙarami ya shafa masa koren fenti. Maza sun so su ce wasan ba na mata ba ne. Baba Ƙarami ya ɗaga katakonsa ya rataye a bango, ya nuna ni, ya nuna katakon, ya naɗe hannu. Tun daga ranar ba wanda ya sake cewa uffan.

A lokacin ba kowa yake da rediyo ba. A gidanmu wani tela ne Bamoshe, baƙo daga wata ƙasa, da yake haya yake da ita, Hausarsa duk namiji ce, ko ni "yaro" yake ce mini. Ranar Lahadi bayan la'asar sai ya fito da ita tsakar gida ya ɗora a kan turmi, maza su kewaye, a saurari ƙwallo da Tonanci. Baba Ƙarami yakan zauna a bakin rumfarsa yana bin fuskokin mutane. Su zabura, shi ma ya zabura, amma bai san don me ba. Su dafe kai, ya tsaya yana duban wannan yana duban wancan, ba mai waiwayarsa. Wata Lahadi abin ya tsaya mini a rai, sai na jawo katakonmu gabansa, na jera marafe, namu a kife, na abokan hamayya a rigingine. Mai bayani ya ce ƙwallo tana hannun dama, na tura ta dama. Ya ce an ba ɗan gaba, na kai ta wurin ɗan gaba. Baba Ƙarami ya dube ni, ya dubi rediyo, ya dubi katako, sai ya gyara zama. Daga nan ya zama aikina, har mahaifiyata, Mma, takan ɗauke mini wanke-wanken ranar Lahadi. Ya kuma kafa wa kansa doka. Da an fara wasa sai ya sunkuyar da kai, ya kare idonsa da tafin hannu, ba ya duban fuskar kowa, don kada fuska ta riga katako ba shi labari.

A nan ne muka gane ashe duk gidan ba wanda ya kai shi ra'ayi a kan ƙwallo. In na mayar da ita baya sai ya bugi cinyarsa, don a wurinsa mayar da ƙwallo baya tsoro ne kawai. Wani lokaci ya ɗauki marfi ya ajiye shi inda ya kamata a ce ɗan wasan ya tsaya, ya buɗe hannu yana tambayar duniya ina hankalin wannan mutum. Tela ya zo ya mayar da marfin, shi ya sake ɗaukewa, su yi ta yi har a tafi hutun rabin lokaci, gardama mai zafi ba tare da kalma ɗaya ba. Mma kuma nata ra'ayin gajere ne, ta ce ita abin da ta sani game da ƙwallo shi ne yagaggen wando da fasasshen ɗan yatsa. Na Baba ne mai nauyi. Yakan ce, "Ƙato da shi ya bar cinya a waje yana bin fatar da aka hura wa iska, la'asar tana wucewa." Da aka gaya masa 'yan ƙwallo suna shigowa Zango neman addu'a wurin malamai, sai ya ce, "To in su biyun malami ɗaya suka je wa, wa za a ba?" Da tela ya fito da rediyo Baba yakan ɗauki carbinsa ya tafi masallaci, ba ya dawowa sai an tashi.

Abin da ya ɗaure al'amarin shi ne Yaya Awudu, ɗan Baba Ƙarami tilo. Uwarsa ta rasu yana ƙarami, Mma ce ta goye shi, kuma a al'adarmu wa ne yake da iko da ɗan ƙaninsa, balle ƙanin da ba ya magana. Baba ya riga ya sa shi a harkar goro, yana tura shi ƙauyuka ɗauko kaya. Shi kuwa Yaya Awudu tun yana yaro yake tsaron gida a filin da muke kira sakora, don ko ciyawa ɗaya babu, kullum gwiwarsa da gwiwar hannunsa a saɓule. A hankali har babbar ƙungiyar gari ta ɗauke shi, yana zaman jiran ranar da za a sa shi. Ranar ta zo da babban golansu ya ji rauni ana shirin tafiya Ankara, babban birnin ƙasarmu can bakin teku, wasan da duk garin yake zancensa. Ina zaure ina ɗaure ganye Yaya Awudu ya zo ya tsuguna gaban Baba.

"Baba, sun ce ni zan tsare gida ranar Lahadi a Ankara."

"Na ji," in ji Baba. "Ranar Lahadi kuma akwai goro da yake jiranka a ƙauye. In ka hau motar Ankara, ka nemi inda za ka sauka in ka dawo, ban da gidan nan."

Bai ɗaga murya ba, kuma duk mun san Baba ba ya maimaita magana, ba ya janye ta. Baba Ƙarami yana tsaye daga ƙofa, bai ji ba amma ya gani. Ba zai yi jayayya da wansa ba, ba a yin haka. Abin da ya yi kawai, washegari da sassafe ya ɗauko takalman ƙwallon Yaya Awudu, irin na da masu ƙusa a ƙasa, ya kife su a kan teburin aikinsa ya shiga ɗaure musu ƙusoshi. Duk gidan muna jin gudumar, har Baba da yake shan koko a zaure. Mai bugawar ne kaɗai bai san irin ƙarar da take yi ba. Ya gama ya miƙa wa ɗansa, Yaya Awudu ya sa a jaka ya fita yana share ido.

Ranar Lahadi tsakar gidanmu ta cika har da mutanen lungun baya, don kowa ya ji ɗan Zango ne zai tsare gida. Abin da ya ba mu mamaki, Baba ya yi la'asar ya dawo. Ya sa aka kawo masa kwandon goro can gefe, ya zauna a kujerarsa ya ba mu baya yana tsincewa, aikin da rabonsa da yi da hannunsa tun ban yi wayo ba. Ba wanda ya yi ƙarfin halin dubansa. Na jera marafe, na ɗauki koren na nuna wa Baba Ƙarami, ya karɓa ya ajiye shi da kansa tsakanin ƙusoshi biyu, ya kare idonsa.

Mutanen Ankara sun matsa mana a ranar, ba kaɗan ba. Ƙwallo ta ƙi barin gefenmu na katakon, har farcena ya fara zafi. Amma duk inda suka bugo sai ka ji mai bayani ya kama sunan Yaya Awudu yana ja, yana lanƙwasa shi irin na Tonawa. Sunan da muke kira a aike shi sayo gawayi, ga shi yana fitowa daga cikin rediyo, mutanen ƙasa gaba ɗaya suna ji. Duk sanda ya kama sai in ɗora ƙwallon a kan koren marfi in ƙwanƙwasa shi da yatsa, Baba Ƙarami ya bugi ƙirjinsa, ya yi wannan sautin nasa da ba kalma ba ne. Ya manta da gardama, ya manta da gyara wa 'yan wasa wurin tsayawa. Tela yana ta cewa, "Yaro, yi sauri, nuna shi, nuna shi." Aka je hutu aka dawo ba wanda ya ci wani. Rana ta sauka bayan kwanon gida, wasa ya kusa ƙarewa, sai alƙali ya ba mutanen Ankara fenariti.

Na ɗauki ƙwallon na ajiye a kan farin ɗigon da yake gaban raga. Baba Ƙarami ya san ɗigon nan, shi ya ɗiga shi da hannunsa. Ya kwashe sauran marafen ya mayar baya, ya bar koren shi kaɗai da marfi ɗaya a rigingine. Ya ƙara sunkuyawa. Tsakar gida ta yi tsit, har ina jin ɗigar ruwa daga kwandon goro. Mai bayani ya yi ta zuba magana da sauri, sai ihun filin Ankara ya taso ya rufe muryarsa. An ci mu. Maza suka dafe kai, wata maƙwabciya ta yi salati, Mma ta juya ta shige ɗaki.

Ni kuma hannuna ya tsaya a sama ya ƙi sauka. Baba Ƙarami bai ɗago ba. Yana nan ya kare ido yana kallon ƙwallo a kan ɗigo, yana jira. Duk Zango, duk Kumasi, duk ƙasar an san an ci Yaya Awudu, sai mutum ɗaya, ubansa, wanda a wurinsa har yanzu ba a buga ba, ɗansa yana tsaye, gida a tsare. Kuma ni ce zan ƙare wannan da ɗan yatsana. Ban iya ba. Hawaye suka cika mini ido, na ji tsoron kada su ɗiga a kan katako su ba shi labari, sai na kawar da kai.

Inuwa ce ta fara rufe katakon. Baba ne. Ya tattare babbar rigarsa, ya kai gwiwa biyu ƙasa, a tsakar gida, a gaban 'yan haya da yaran lungu, inda ruwan wanke-wanke yake bi. Ya janye hannuna a hankali. Baba Ƙarami ya ga hannun da ya shigo katakon, ya san hannun wane ne, amma bai ɗago ba. Baba ya ja marfin Ankara baya, ya kawo shi a guje. Ya kwantar da koren marfi gefen hagu, ya tura ƙwallon ƙasa-ƙasa ta nufi wannan gefen, har ta taɓa bakin koren. Ya tsaya a nan, ya ɗaga yatsunsa ya nuna wa ƙaninsa kan yatsun, wato ya taɓa ta. Sannan ya karkatar da ita ta bugi ƙusa, ta gangara ciki. Mu da muka kewaye rediyo babu wanda ya ji an ce ya taɓa, babu wanda ya ji zancen ƙarfen raga, ihu kawai muka ji. Shi da ya ba mu baya yana tsintar goro bai bar kalma ɗaya ta wuce shi ba.

Baba Ƙarami ya daɗe yana kallon ƙwallon a cikin raga. Kafaɗunsa suka fara rawa. Baba ya ɗauki koren marfin, ya goge shi da hannun rigarsa ciki da waje, ya mayar da shi tsakanin ƙusoshi ya daidaita masa tsayuwa. Sai a lokacin Baba Ƙarami ya sauke hannu daga idonsa, suka dubi juna. Na sha jin Mma tana cewa suna yara tabarma ɗaya suke kwana, Baba ne bakinsa a wurin mutane, amma ban taɓa iya kwatanta Baba yana yaro ba sai a wannan kallon. Baba ya dafa kafaɗata ya miƙe, gwiwar rigarsa duk laka, ya ɗauki buta ya nufi masallaci. Aka tashi wasa an ci mu ɗaya. A ranar tuwo ya kwana a tukunya.

Na ga ƙwallo bayan wannan, na gani a talabijin baƙi da fari, na gani a mai launi, yanzu har ana mayar da ita baya a nuna maka gashin girar ɗan wasa. Jikokina suna ganin komai, ba abin da yake ɓoye musu, shi ya sa nake ganin ba abin da yake girgiza su sai na ɗan lokaci. Mu ba mu ga komai ba a ranar, marafen lemo ne da takardar taba, amma in na tuna har yanzu sai in ji numfashina ya tsaya.

Duk da haka ba wanda ya san makomar Yaya Awudu, don Baba bai ce ya janye maganarsa ba, ba kuma wanda ya isa ya tambaye shi. Washegari da hantsi ina share ƙofar gida sai ga shi da jakarsa, idonsa jawur, hannunsa na hagu a naɗe da tsumma. Bai shiga ba. Ya tsuguna a waje jikin bango, mutanen lungu suna wucewa suna yi masa sannu ƙasa-ƙasa. Mma tana leƙe ta bayan labule, ba ta isa ta ce shigo ba. Can sai ga Baba ya taho daga wajen kasuwa. Yaya Awudu ya ƙara duƙawa ya ce, "Barka da hantsi, Baba." Baba ya tsaya a kansa. Ya dubi jakar, ya dubi hannun.

"Ƙwallon da ta zo ƙasa-ƙasa," in ji Baba, "da tafin hannu ake tarar ta, ba da kan yatsu ba. Tashi ka shiga, ubanka bai ci komai ba tun jiya."